Keken Tela Bai Tsaya Ba

"Ki taka kawai, Yaya, don Allah kada ki tsaya," in ji matar Tela, tana tura ni kan kujerar mijinta.

Ni da ko maɓalli ban iya dasawa ba, sai ga ni a shagonsa a kan keken ɗinki, ina taka shi babu ƙyalle. A ɗakin ciki kuwa maƙwabcinmu Tela ne kwance, rai ya yi halinsa. Da hantsi ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya shiga ya kishingiɗa, shi ke nan. Da na shigo muka rufe masa ido, muka miƙar da ƙafafunsa tun jiki bai sandare ba. Matar ta kira likita, ta kira wansa. Wan ya ce yana hanya, kuma kada a kuskura Inna ta ji kafin ya iso.

Inna ita ce mahaifiyarsu, ba ta gani, ga ciwon zuciya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da shagon, kuma muddin tana jin ƙarar keke hankalinta a kwance yake. Shi ya sa nake takawa, ita kuma matar ta cusa bakin zane a baki don kada kukanta ya fita. Wallahi na ji haushin wan nan. Yana can yana ba da umarni ta waya, ya bar mu da wannan ɗanyen aiki.

Can sai muka ji ƙarar sandar Inna a bakin ƙofa.

"Wa ke kan keken nan?"

"Shi ne, Inna," in ji surukarta. "Aiki ne ya yi masa yawa."

"Ɗana yakan tsaya ya yanke zare. Wannan tun ɗazu bai tsaya ba."

Na daina takawa. Keken ya ɗan ƙara juyawa, ya yi shiru. Ban taɓa jin kunya da tsoro lokaci guda irin na ranar ba.

"Kai ni wurinsa," Inna ta ce.

Na riƙe ta gam har ɗakin ciki, ina jiran ta yanke jiki ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta zauna a bakin gado, ta lalubi fuskarsa tun daga goshi, ta yi salati ƙasa-ƙasa.

"An kira wansa?"

"An kira, Inna."

"Likita fa?"

"Yana zuwa."

"To daina haɗiye shi, 'yata. Mijinki ne, yi kukanki."

Matar ta durƙushe a ƙasa ta saki kuka. Inna ba ta waiwaya ba, yatsunta na kan bakinsa.

"Ba ku ɗaure masa haɓa ba," ta ce.

Ta cire ɗankwalinta, ta ninka shi a kan cinya, ta tallafo kan ɗanta ta ɗaure a hankali. Ta zauna haka, farin gashinta a buɗe, tana gyara masa gemu.