Inuwar Don Evaristo

"A buɗe tagar nan," in ji Don Evaristo. "Wannan karon da haske za a ɗauke ni a kyamara."

Matarsa Herminia ta harare shi daga bakin murhu. "Da wannan fuskar? Kamar bandar kifi?"

"Ita ɗin dai kika aura."

Ni na tashi na buɗe. Katako ne kawai tsakanin ɗakina da nasu, duk tarin da ya yi a kunnena yake.

Lokacin da 'yan bindiga suka riƙe garinmu, shi suke tilasta wa ya ɗora gawa a kwale-kwalensa ya je ya zubar a kogi. Ya san kowace da sunanta, ya san inda ya sake ta. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Yurani, wata 'yar birni mai yin fim ita kaɗai. Ta zaunar da shi ya ba wa taga baya, ba a ganin komai sai inuwa, ta sauya masa murya. Ainihin abin da ta ɗauka kuma ta goge a gabansa. Haka take yi wa kowa, saboda 'yan bindigar nan suna raye, yanzu su ne manyan masu shanu a garin.

Iyayen yaran da aka kashe suka kai fim ɗin gaban hukuma. Aka ce musu inuwa ba ta ba da shaida.

Shi ne Don Evaristo ya sa a sake kiran Yurani. "Me za su yi mini yanzu? In kashe ni za su yi, su yi sauri, ciwon huhun nan zai riga su."

Amma kogi ya cika ya batse, jirgin ruwa ya daina zuwa. Kullum yana tambayata ko na ji ƙarar inji. In ce tukuna.

Ranar da Yurani ta iso, harshensa ya riga ya karye. Ta kafa kyamara.

"Baba, sunanka kawai. Faɗi sunanka."

Leɓɓansa suka motsa, iska ce ta fito. Mata sun cika ƙofa. Doña Leonor, wadda aka tafi da ɗanta, ta kutso ta durƙusa a bakin gadon.

"Evaristo, don Allah. Wilmer ɗina, a wace kwanar kogin ka sake shi?"

Ya dube ta. Ya ɗaga yatsa ya nuna wajen kogi. Kogin gaba ɗaya.

Kafin rana ta faɗi ya cika.

Da muka zo shirya teburin addu'ar kwana tara da ake yi wa mamaci, babu hoton da za a jingina. Bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba.

"'Yar nan, ko ɗaya ba ki rage ba?" in ji Herminia.

"Na yi masa alkawari, Mama. Sai dai na jiya."

"Na jiya ba shi ba ne."

Yurani ta ciro wata takarda daga jaka, hoton inuwar nan ta cikin fim. Herminia ta daɗe tana kallo.

"Ji kunnuwa," ta ce. "Wa zai ce ba shi ba ne?"

Ta jingina shi da kyandir, ta ajiye masa ruwa a kofi kamar yadda ake yi wa mamaci. Tagar tana nan a buɗe, ba wanda ya rufe. A ƙasa, Doña Leonor na tsaye a bakin kogi.