Ƙiba ta Aro

Da Shafa'atu ta hau sikelin asibiti, allurarsa ta wuce inda ta saba tsayawa, mahaifinta Dogara ya tafa hannu kamar an ce masa matarsa ta haifi tagwaye.

"Kilo uku! Likita, rubuta da kyau."

Dogara mahauci ne a Fatakwal. Tun da ya dawo garin bayan yaƙin basasa, kuɗin mai suka buɗe masa kasuwa, ya sayi mota, ya ƙara ɗakuna. Komai nasa ya yi ƙiba ban da 'yarsa mai shekara tara, wadda ciwon sukari ya kama bara. Matan unguwa kuwa, da yake duk likitoci ne, sun riga sun gano cutar: rowar uba.

Likitar ta tashi a Sabon Garin Kano, Hausarta ras. Ta dubi siraran hannuwan yarinyar, ta dubi sikeli.

"A wata ɗaya? Me kuke ba ta?"

"Romon ƙashi, hanta, madarar gwangwani. Na ce mata in ba ta ƙara ba, babu makaranta."

"Madalla da wannan hikima," in ji likita. "To, tunda nauyi ya ƙaru, sai na ƙara mata yawan allurar ciwon sukarin. Amma ku sani, in allurar ta fi ƙarfin jikinta, sumewa za ta yi. Wani ma ba ya farfaɗowa."

Shafa'atu ta fashe da kuka. Ta cusa hannu cikin zaninta ta kwance wani ƙulli, ƙarafan awon nama suka zubo ƙasa, ɗaya ya gangara ya bugi takalmin Dogara.

"Ƙarafana! Ni da nake ta zagin maƙwabcina Manu a kansu!"

"Baba, na ƙoshi ne," ta ce cikin shessheƙa. "Kullum sai na yi amai. Ni makaranta nake so."

Dogara ya tsuguna yana tsintar ƙarafan.

Likita ta sake auna ta, ta jingina ta da bango ta ɗauki tsawonta, ta yi ɗan lissafi.

"Nauyinta daidai yake da tsawonta da shekarunta. Haka muke so. Ka bar yi mata ɗura, ba ragon layya ba ce."

"Amma mutane suna cewa…"

"Mutanen su zo in auna su. Kai ma bisimilla, hau."

Ya ce shi lafiya lau yake. Ta ce ai ba a biya. Ya tattare babbar riga ya hau, sikeli ya yi ƙara, allura ta zarce can ƙarshe ta kwanta. Likita ta tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari, ya soma kallon silin. Ta ce jibi ya dawo gwajin jini, kada ya karya kumallo.

A mota, da suka shiga cunkoson unguwar Rumuokoro, Dogara ya dubi 'yarsa.

"Gobe ki shirya da wuri, ni zan kai ki makaranta," ya ce. "In matan unguwa sun tambaya, ki ce likita ta ce daidai kike."

"To, Baba."

Ya gyara zama, sitiyari na tokare masa ciki.

"Ni kuma ba a auna ni ba."