Tsayin Malami Mai Hoto

Malami Mai Hoto ya ɗauki hoton rabin mutanen Sabon Birni, amma ya mutu bai bar nasa ko ɗaya ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Kyamarar ma ta daɗe da lalacewa. Abin da ya rage wa matarsa Hajjo shi ne mazaunin kyamarar, na katako mai ƙafa uku, yana tsaye a ɗakinta yadda ya bar shi, kansa daidai inda idon marigayin yake kaiwa. Ni maƙwabciyarta ce, na sha ganinta ta tsaya gabansa ta ɗaga kai, kamar yadda take ɗagawa in tana yi wa mijin magana.

Sai ga jikanta Shamsu, wanda ya yi wata biyu a Sakkwato ya dawo da tabarau da dogon Turanci. Ya buɗe wani akurkin shago kusa da tashar 'yan kabu-kabu, wai situdiyo, alhali kayan aikin duka waya ce mai fasasshen gilashi. Ranar da Hajjo ta tafi suna Unguwar Lalle, gogan naka ya saɓa katakon ya kai wa kafinta. A zaune yake surutunsa na bidiyo, don haka aka sa zarto aka rage ƙafafun. Gurbin da hannun Malami ya cinye har ya yi santsi aka kankare, aka malala fenti ruwan gwal. Gyaran gangar Auzinawa ke nan!

Da ta dawo, shi da kansa ya jawo ta shagon yana washe baki. Na bi su, raina a ɓace.

"Kaka, diba yadda niy gyara tarkacen ga naki. Zamna, za ni ɗaukar ki hoto kyauta."

Hajjo ba ta zauna ba. Ta matsa gaban abin, ta ɗaga kai yadda ta saba. Babu komai a wurin sai bango da kalandar wani mai sayar da taki. Ta sauke ido a hankali har ta iske kan katakon daidai cibiyarta.

"Ina guntayen da anka yanke?" in ji ta.

"Matar kahinta ta hura wuta da su. Mi za ki yi da su?"

Ta ɗaga hannu sama da kanta tana lalube a iska, ta ɗan ƙara sama, ta dawo ƙasa. Sannan ta juyo gare ni.

"Sadiya, ke kin san marigayi. Nan yak kai, ko nan?"

Wallahi ban iya tunawa ba.