Da Burtu a Goshina

Mutum biyu suka biyo ni daji ranar Talata suka kore mini gada. Mace ɗaya, ana ce mata Malama Bara'atu, ita ce babba a ƙungiyar masu hana farauta. Sai wani ƙato, Nazifi, usur a bakinsa, murfin tukunya biyu a hannu yana gwara su. Ta gonata suka ratso, ba sallama, suka tattake mini wake. Ina cikin sanɗa suka cim mini. Gadar ta tafi. Kafin su juya, Malamar ta ce ranar Alhamis za su zo gida karɓar burtuna, wai sauran maharba duk sun ba da nasu.

Ga wanda bai sani ba, burtu kan tsuntsu ne, baƙin nan mai dogon baki da ke kiwo a ƙasa. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa, ya riƙa tafiya yana saran ƙasa kamar tsuntsun, har ya kai kusa da nama. Nawa na ubana Mantau ne. Shi ma wurin ubansa ya samu. Dokar burtu ɗaya ce. In ka ɗaura, ba ka miƙewa tsaye, ba ka magana da muryar mutum, sai ka fita daga idon dabbobi. Ranar da suka ga burtu ya miƙe ya zama mutum, sana'ar ta mutu, ba taka kaɗai ba, ta kowa. Shi ya sa ban tanka wa mutanen nan ba. Shekarata saba'in da huɗu, ina durƙushe suna ɗaukar hotona da waya.

Jiya Laraba da dare na kwanta, sai ga mafarki.

Na gan ni a bakin wani daji da hantsi. Ubana yana zaune a kan suri yana gyaran tsirkiya. Shekara talatin da rasuwarsa, amma saurayi ne sharaf, ba furfura ko ɗaya.

Ya dube ni ya ce, "Nomau, ka tsufa."

Na ce, "Kai ne ka ƙi tsufa, Baba."

"A nan ba a samun lokaci. Matso."

Da hannunsa ya ɗaura mini burtu, ya ja igiyar har sai da na ji ta a haƙorana. Ya nuna mini yashi. Sawu ne ke fitowa, ɗaya bayan ɗaya, babu mai taka shi. Sawun gwanki. Kowane ɗaya ya kai faɗin akushi.

Ya ce, "A dajin nan sawu ke yin gaba, nama ya biyo shi. Kada ka bi sawu. Ka tsaya inda ya ƙare, mai shi zai zo."

Na ce, "Rabona da ganin gwanki shekara ashirin."

Ya ce, "Shi ma haka ya ce game da kai. Shiga. Kada ka miƙe."

Na durƙusa na shiga.

Iskar wurin ana ganin ta. Ja ce, kamar an jiƙa galura, tana tafiya a tsakanin itatuwa. Ban sha wahalar neman inda take kaɗawa ba, na dai kauce mata kawai. Marke da ƙirya suna tafiya a jere za su shan ruwa, wata tsohuwar kuka a bayansu tana nishi. Da suka zo kusa da ni suka raba hanya.

Sai nama. Allah mai iko. Ɓauna ta fi ɗari. Kanki, mariri, barewa, gyado da 'ya'yansa. Duk abin da ya ɓace daga ƙasarmu tun shekarar da aka ja kwalta, ga shi nan yana kiwo. Wata giwa ta wuce ta kaina, na bi ta ƙarƙashin cikinta kamar na shiga zaure, na ji ciyawa tana motsi a ciki. Babu wanda ya ɗaga kai. Ni tsuntsu ne. Na sari ƙasa, na yi taku uku, na sake sara. Gwiwata da ke hana ni sallah a tsaye ba ta ce komai ba.

Sawun ya ƙare a bakin tafki. Tafkin a tsaye yake kamar bango, ya fi dabino tsawo. Kifi yakan faɗo daga ciki, ya karkaɗe jikinsa, ya koma. Nan na tsaya.

Sai ga su, Malama da Nazifi.

Gonata suka ɗauko. Sun naɗe ta kamar tabarma. Su shimfiɗa ta a gabansu, su taka, su naɗe, su sake shimfiɗawa. Ba sa taka ko'ina sai kan wakena. A haka suka iso.

Nazifi ya hura usur. Wata barewa da ke kusa ta tsaya cak, ta yi fale-fale, ta faɗi a ƙasa. Ta zama hoto. Malama ta tsince ta, ta hure ƙura, ta sa a jaka.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Mun ceci wannan."

Ya gwara murfi. Ɓauna uku suka faɗi kamar ganye. Ta tsince su. Haka suka yi ta yi. Duk inda ƙarar ta taɓa sai nama ya zama takarda. Gyado ya ruga da 'ya'yansa, ƙarar ta cim musu a bakin rami. Jakar ba ta cika ba, ba ta kuma yi nauyi ba.

Suka zo kaina. Nazifi ya tofar da usur, ya rataye a wuyansa.

Ya ce, "A'a, ga Baba tsuntsu. Baba, ina kwana? Ya ƙwai?"

Na sari ƙasa.

"Tashi mana, tsoho. Jikokinka sun san haka kake yi a daji?"

Ya kama zanena ya ja. Zanen ya yi ta zuwa, kamu goma, kamu hamsin, ya taru a gabansa kamar tsibin gawayi, bai bar bayana ba. Ya gaji ya saki.

Ya ce, "Malama, yunwa yake ji. Bari a ba shi kalaci."

Ya sa hannu a aljihu ya watsa mini tsaba. Sauran dabbobin duk suka daina kiwo suka zuba mini ido. Tsuntsu ba ya ganin tsaba ya wuce. Ni Nomau, wanda ya kashe kurar da ta hana garinmu barci damina biyu, wanda makaɗa ba sa fara taken maharba sai sun ga na zauna, na sunkuya na tsince tsabar nan ɗaya-ɗaya. Da ƙasa da tsakuwa. Dabbobin suka koma kiwo.

Malama ba ta yi dariya ba. Wannan kam na yaba mata. Ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, ba raini ba ne. Tambaya ɗaya zan yi maka. Gwanki nawa ka kashe a rayuwarka?"

Sai kwarin da ke bayana ya yi nauyi. Na ji kibau suna motsi a ciki, suna ƙirga da kansu. Suka tsaya a goma sha ɗaya.

Ta ce, "Bana nawa ka gani? Bara fa?"

Tunda nake, ban taɓa gode wa dokar shiru ba sai a wurin nan.

Iska ta tsaya. Jan nan nata ya kwanta a ƙasa. Itatuwa suka daina tafiya, kifin da ya faɗo ya tsaya a tsakanin ruwa da ƙasa bai ƙarasa ba.

Mai sawun ya zo.

Yana sa kofato a cikin sawunsa, ɗaya-ɗaya, ba kuskure, kamar mai sa takalmin da aka ɗinka masa. Na ga gwanki da yawa. Wannan daban ne. Ƙahoninsa sun lanƙwasa baya, rana tana tsakaninsu, in ya juya kai sai ta bi shi. Baƙi da farin fuskarsa kamar yau aka zana. A gashin wuyansa tsuntsaye sun yi sheƙa, har da 'ya'ya. Da ya yi numfashi sai da zanena ya kaɗa. Ya wuce ni da taku biyu, ya sa baki a tafki.

Ga haƙarƙari a buɗe, ga kibiya a tsirkiya. Makaho ma ba zai kuskure ba. Amma ba a harbin naman da bakinsa ke cikin ruwa. Na jira. Ya yi ta sha. Tafkin ya ragu da tsawon mutum, da tsawon mutum biyu. Bai ɗago ba, a haka ya yi magana.

"Nomau ɗan Mantau."

Sai ya ci gaba.

"Kada ka amsa. Na san doka. Ka taɓa ganin tsuntsu mai warin taba da daddawa? Ubanka a hagu yake ɗingishi. Kakanka kuwa tari yake yi, mukan yi kamar ba mu ji ba."

Shekara sittin ina tsammanin wayo nake musu.

Ya ce, "Ba bakin tsuntsu muke dubawa ba. Gwiwa muke dubawa. Wanda zai ɗauki rai, in ya zo a durƙushe, ya yi shiru, ya sha rana da ƙaya kamar kowa, mukan bar shi ya matso. Wani lokaci mu ba shi ɗaya. Ranar da ɗayanku ya miƙe a gabanmu, mun bar muku ƙasar."

Ya sake kurɓa.

"Amma goma sha ɗaya, Nomau. Ubanka huɗu ya ɗauka."

Na kai bakin burtu ƙasa, na bar shi a can. Na sassauta tsirkiya. Kibiyar ta zame daga hannuna, ta kafe a yashi, ta fitar da ganye.

Malama ta ce, "Nazifi, da wa tsohon nan yake? Ni ban ga komai ba sai gamba."

Ashe wanda ke tsaye ba ya ganin sa. Ta ɗan rusuna. Ta ƙara rusunawa, har gwiwarta ɗaya ta taɓa ƙasa. Na ga idonta ya buɗe. Jakar ta faɗi, hotuna suka zube.

Ta ce a hankali, "La ilaha illallahu. Ashe haka yake."

Nazifi ya ce, "Mene ne, Malama? Akwai wani? Matsa in cece shi kafin tsohon ya harba."

Ya ware hannuwa, murfi a dama, murfi a hagu.

Kalma biyu ce a bakina. Kada ka. In na faɗa, muryar mutum ta fito daga burtu. In na miƙe na riƙe hannunsa, sun bar mana ƙasar. In na yi shiru, gwanki ya shiga jaka. Na waiwaya neman ubana. Surin yana nan, babu kowa a kai.

Na yi kukan burtu daga ƙirji, hum, hum-hum, yadda aka koya mini tun ban yi kaciya ba. Na zabura da gwiwa da hannu, ta kan ƙaya, ta kan wakena. Murfin na haɗuwa na cusa bakin burtu a tsakaninsu.

Ƙarar ta cika duniya.

Na farka. Ashe murfin tukunya ne yake juyi a tsakar gida. Tabawa matata tana korar kaji da tsintsiya tana tsine musu. Rana ta fito. Na makara sallah, abin da ban yi ba tun ina saurayi.

Na duba bango. Burtu yana rataye a ƙusarsa, bakinsa lafiya. Gwankin kuwa ban sani ba, ko ya tsira ko ya zama takarda. Na yi alwala na yi sallah a zaune. Gwiwar ta dawo da halinta.

Ina shan koko Tabawa ta leƙo. Ta ce, "Malam, baƙinka na Talata. Yau dai sun yi sallama."

Na fita zaure. Malama Bara'atu ta gaishe ni da ladabi, a tsaye. Nazifi yana bayanta da kwali a hannu, usur a wuyansa.

Na ce, "'Yar nan, kin taɓa ganin gwanki?"

Ta ce, "A hoto, Baba."

Na ce, "In akwai saura, ba zan harbe shi ba. Wannan ki rubuta. In kuma kina so ki gan shi, ki bar wancan da murfinsa a gida, ki zo in ara miki zane. Da gwiwa ake zuwa."

Nazifi ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Na gode, Baba. Amma burtun fa? Ba ƙona shi za mu yi ba. A gilashi za mu sa shi, a kafa shi a tsaye, da sunanka a ƙasa, yara su riƙa zuwa suna gani."

Na ce, "A tsaye."

"Eh, Baba."

Nazifi ya buɗe kwalin ya miƙo.

Na ce, "Rufe kwalinka. Ba zan bayar ba."