Tsanin Baba Nata'ala

Ni dai ba ɓarawo ba ne, amma in abu ya shiga hannuna da sunan aro, yakan manta hanyar gida. Shi ya sa ranar da Inna Hureira ta aiko cewa mijinta Baba Nata'ala, maƙwabcinmu, yana nemana, gabana ya faɗi. Damina biyu ke nan da na ari tsaninsa don in liƙe kwanon ɗakina.

Na same shi kwance a kan tabarma, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa.

"Shamsu, ina tsani?"

"Baba, ka bari ka warke. Sabo zan sayo maka, na ƙarfe."

"Rance na ba ka? In gishiri ne ko shinkafa, kawo irinsa, mun rabu. Aro kuwa shi ɗin da kansa yake dawowa. Ina so in gan shi kafin in tafi."

"Ina za ka, Baba?"

"Kasuwa," in ji shi, ya juya mini baya.

Matsalar ita ce tsanin ba ya wurina. Na ba Alhasan tela, don abin da ba naka ba ya fi daɗin kyauta. Na rufe shagona na nufi Titin Koudoukou. Alhasan bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba.

"Wane tsani? Au, mai tsinken waya a mataki na uku? Yana unguwar Yakité, wurin surukina Haris."

Haris ya tafi ɗaurin aure. Washegari na koma, matarsa ta ce mini da yaren Sango wani mai fenti ya ɗauka. Kwana uku ina yawo, tumbina a gaba, ina tambayar mutane katako kamar wanda ɗansa ya ɓata. Kullum da yamma Inna Hureira takan leƙo ta katanga.

"Ya sake tambaya."

"Gobe, Inna, in sha Allahu."

Ran Alhamis na ga tsanin jingine a bayan wani shagon canji, duk ya sha shuɗin fenti. Wani mai babur ɗin haya ya ƙare mana kallo, ni da tsanin, ya ce ɗayanmu zai ɗauka. Na saɓa shi a kafaɗa na taho a ƙasa, ina ba mutane haƙuri hagu da dama.

Ina shan kwanar layinmu na ci karo da jama'a sun fito da makara. Layin ƙunci gare shi. Sai da na manne da bango, na miƙar da tsanin tsaye, kafin Baba Nata'ala ya samu hanyar wucewa. Na jingine tsanin a nan na bi su, fenti a kafaɗar rigata.

Bayan sadakar uku na shiga da shi gidan, na durƙusa.

"Inna, ga shi. Na makara. Ki yafe mini, tunda shi ban same shi ba."

Ta shafa matakin da aka ɗaure da waya.

"Ai ba nasa ba ne, Shamsu. Na Idi makaniki ne. Maigidana ya ara da safe, da rana rikici ya ɓarke aka fara harbi, Idi ya hau motar Kamaru da iyalinsa. Shekara goma yana jiran ya dawo ya miƙa masa."

"To ina Idin yake yanzu?"

"Wa ya sani?"

Ta nuna mini inda ake ajiye shi, bayan randa. Ƙafafunsa suka zauna daidai cikin ramuka biyun da suka bari a ƙasa.