Lallen da Ba a Ƙunsa Ba

Kwana ashirin da uku da rasuwar Fadl a Omdurman, kowa a gidan nan na unguwar Arba wa Nus, inda suke gudun hijira, ya sani, ban da uwar da ta haife shi, Hajja Fatu. Mahasin, babbar 'yar gidan, ita ta ce a ɓoye. Likita ya gargaɗe su kan zuciyar Hajja Fatu, Mahasin kuwa tun suna ƙanana in ta faɗi magana ta zauna daram. Duk sanda tsohuwar ta tambayi ɗanta, wanda ya tsaya gadin gida lokacin da suka gudo wa yaƙi, sai a ce mata waya ce ba ta shiga.

Da Babbar Sallah ta zo, ƙanin Mahasin, Isam, ya ce a kwashi dangi kaf a je bakin teku a Ain Sukhna, kwana biyu, Yumma, kamar yadda suke kiran uwar tasu, ta sha iska. Sai dai akwai Wijdan, matar mamacin, da ke takaba a hawa na uku, inda gwiwoyin surukarta ba sa kai ta. An daɗe ana ce wa tsohuwar zazzaɓi ne ya hana ta saukowa. Mai takaba ba ta kwana a waje, ba ta ado. In kuma aka bar ta a gida ranar Sallah, ai an gama faɗa.

"Kwana biyu ne, ma'alish, ki yi haƙuri," in ji Mahasin. "Ki cire fararen kayan nan. Allah Ya san niyyarmu."

Wijdan ta sa mayafi ruwan toka ta shiga mota.

A bakin ruwa kowa ya dage da farin cikin aro. Isam yana gasa naman layya yana dariyar da ta fi ƙarfin maganar da aka yi. Yara sun faɗa ruwa da kayansu. Mahasin tana zuba shayi, ido ɗaya kan uwarta, kwalbar magani a jaka. Tsoro take ji, kuma ƙarƙashin tsoron akwai kunya, don ta san abin da ta sa Wijdan, baiwar Allah, ta yi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan la'asar sai Hajja Fatu ta zaro wani kwano daga kwandonta. Ashe lalle ta kwaɓa tun a gida, ba wanda ya gani.

"Ina aka taɓa Sallah matan aure hannu fayau?" ta ce. "Wijdan, 'yata, matso. In mijinki ya dawo ya gan ki haka, ni zai zarga."

Wijdan ta dubi Mahasin. Mahasin, Allah Ya yafe mata, ta gyaɗa kai alamar ta miƙa.

Tsohuwar ta kama hannun ta juya shi. Tsohon lallen ya gudu can bakin farce, ƙasansa fari tas. Ba zobe. Ta ɗaga kai: ba kwalli, ba ƙamshin humra. Shekara goma sha ɗaya da auren nan, ko ranar da suka tsallako iyaka a bayan motar kaya ba ta ga yarinyar haka ba.

Ta mayar da murfin kwanon a hankali.

"Kwana nawa?"

"Ashirin da huɗu yau, Yumma," in ji Wijdan.

Hajja Fatu ta yi salati, ta daɗe tana kallon ruwa. Mahasin ta durƙusa tana kiciniyar buɗe kwalbar magani. Uwar ta ture hannunta.

"Isam, kira mai mota. A kai ta ɗakinta kafin magariba."

"Yumma, don lafiyarki muka yi," in ji Mahasin. "Likita ne ya ce..."

"Ni kin hana ni kukan ɗana. Ita kin hana ta takabar mijinta. Yana can an binne shi ba kowa nasa a kusa, nan ma ba ki bar masa kowa ba."

Ta warware farin mayafinta na sama ta lulluɓe Wijdan da shi, ta dafa kafaɗarta ta miƙe. Suka nufi titi su biyu, ƙafafunsu na nutsewa cikin yashi. Mahasin tana nan durƙushe, ƙwaya biyu a tafin hannunta, ba wanda ya waiwayo ya karɓa.