Nishin Hambali

Sista Martina ta hau gadon da gwiwa tana danna ƙirjin Hambali da hannu biyu, likita na hura masa iska. Batulu ta maƙale a bango, gyalenta ya zame ba ta ma sani ba. Da hantsi aka kawo mijin nata asibiti daga wajen aikin sabon titin Gwaram, katafila ta murƙushe masa ƙafa. Ihu yake ta yi har aka yi masa allurar kashe zafi. Da ya yi luf sai ta gode wa Allah. Can ta ga leɓensa ya yi baƙi, ƙirjin ya tsaya.

"Zuciyar tana bugawa," in ji likita, yatsunsa a wuyan Hambali. Ya sake yi masa wata allura. Ba a jima ba Hambali ya ja numfashi da ƙarfi, ya fasa ƙara.

Sista ta sauko tana haki, ta ja Batulu gefe.

"Ki saurare ni da kyau. Zuciyarsa ta tsaya, Allah ya dawo da ita, amma har yanzu ba ta da ƙarfi. Ya zubar da jini, allurar farko ta fi ƙarfin jikinsa. Ta biyun ita ta karya ta."

"To, Sista, ya tsira ke nan?"

"Ta biyun tana saurin sakin jiki, ta farkon kuwa tana nan. In barci ya ɗauke shi, numfashin zai iya tafiya, zuciyar kuma ba za ta jure karo na biyu ba. Ga masu haɗarin mota can suna jirana. Kada ki bari ya yi shiru."

Batulu ta zauna a bakin gado. Fankar sama na juyawa, amma gumi ya jiƙe ta sharkaf.

"Batulu," in ji Hambali, haƙoransa a cije, "don girman Allah ki ce su ƙara min allurar kashe zafin."

"Yi haƙuri, Malam."

"So kike in mutu?"

Ta share masa gumin goshi. Shekara tara da aurensu, ko ƙaya ce ta soke shi a gonarsu ta Kwandiko ita ke cirewa tana yi masa sannu. Yau ga ta zaune tana kasa kunne, kowane nishi nasa yana sanyaya mata rai.

Wajen la'asar nishin ya fara ja da baya. Ya yi ɗaya, aka daɗe, ya yi wani. Idanunsa suka lumshe, fuskarsa ta saki.

"Malam. Malam!"

Ta girgiza shi, ko gezau. Ta ƙwala wa Sista kira, ta jiyo takunta can ƙarshen baranda, da nisa. Ta dubi ƙafar da aka naɗe, jini ya ɓullo ta bandejin. Ta ɗora hannunta a kai, ta runtse ido, ta matsa.

Hambali ya zabura da ihu, ya ɗura mata ashar ɗin da bai taɓa yi mata ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Batulu, hawaye na zuba. "Ƙara, Malam. Ina jin ka."